Galan Ɗin Maganin Feshi

A wani gari can, an yi wani manomi mai ƙyashin yar da abu. Ran nan da ya gama feshin gonarsa, sai ya rataya galan ɗin maganin ƙwari ya nufi gida.

Malamin gona ya tare shi ya ce, "Baba, kawo galan ɗin nan. Mu ke tara su, mu kai inda ake sarrafa su."

Ya ce, "Ji iyayi! Galan ai galan ne."

Matarsa ta ce, "Malam, warinsa har zaure."

Ya ce, "Galan ai galan ne."

Ya ɗauraye shi da toka, ya ɗebo ruwa a ciki, ya zuba wa akuyarsa tilo, wadda yaransa ke shan nononta.

Kafin la'asar akuya ta kwanta tana kumfar baki. Gogan naka ya rugo da wuƙa, kada ta zama mushe. Ya yanka, ya miƙe yana washe baki, wai ya tsira da nama.

Matar ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Sannu da dabara, Malam. To, wa za ka fara ɗiba wa, ni ko yaran?"