Jirgin da Bai Taɓa Hawa Dogo Ba

Da safiyar Litinin Frau Gesa Tiedemann ta kira ofishin 'yan sandan garinmu tana kuka, wai an sace jirgin ƙasan marigayi mijinta. Jirgin wasa ne na kwano, bai wuce kamu ɗaya ba, amma masu gwanjo sun ce ranar Asabar zai haura Yuro dubu tamanin. Masu tara irin waɗannan kaya dai ba su da hankali a kan kuɗi.

Sufeto Lorenzen ta tarar da tsohuwar a falo, ga bokitai suna tarar ruwan da ke yoyo.

"Idan ban gyara rufin nan kafin hunturu ba, gidan tsofaffi 'ya'yana za su kai ni," in ji ta.

"Me ya sa jirgin yake da tsada haka?"

"Shekara casa'in ba a taɓa ɗora shi a kan dogo ba, 'yata. In ya yi zagaye ɗaya ƙafafun suka karce, rabin kuɗin ya tafi."

Ba a ɓalle ƙofa ba. Mutum biyu ne ke da makullin gidan: jikanta Malte da maƙwabcinta Herr Hinrich Asmussen, aminin marigayi.

Malte ya rantse bai ma san darajar jirgin ba.

"Masu gwanjo sun ce kai ka kira su," in ji Sufeto.

Ya sosa ƙeya. "To, na sani. Amma in saci abin da zai gyara wa Kaka gida? Ku tambayi dattijon can. Ko ranar jana'iza sai da ya yi mitar jirgin nan."

Herr Asmussen ya tarbi Sufeto a gidansa da kofi da kek. Jirage ne cike da kantocinsa, kowanne kamar ɗan yatsa.

"Ni ƙanana nake tarawa, ranki ya daɗe," in ji shi. "Wancan ƙaton gwangwanin ko kyauta ba na so."

Tana zama ƙafarta ta taɓa ƙarfe a ƙarƙashin tebur. Ta jawo shi. Guntun dogo ne, sabo fil.

"Yatsuna uku sun shige tsakanin wannan. Wane jirginka ne zai hau shi?"

Dattijon ya ajiye kofinsa. Ya tashi ya ɗauko kwali daga kabad, ga jirgin a ciki.

"Shekara arba'in ina zagin abokina a kan ya kulle shi kamar fursuna," in ji shi. "Yanzu kuma wani attajiri zai jefa shi a ma'ajiyar banki. Zagaye ɗaya kawai na so in gani. Na shimfiɗa dogon, na ɗauko shi, sai na tuna bokitan Gesa."

Sufeto ta juya jirgin. Ƙafafun suna ƙyalli, ko ɗigon karce babu. Wallahi har ranta ta ji daɗi.

Ana fitowa da dattijon zuwa mota, ga Frau Tiedemann a bakin shinge da laima.

"Hinrich, ka kunna shi?"

"Na kasa, Gesa."

Ta juya ga Sufeto.

"Ku tafi da shi ya ji kunya. Amma ku sako mini tsohon banzan nan kafin Asabar. Shi zai raka ni gwanjo, ba zan iya kallon ana sayarwa ni kaɗai ba."