Baƙon Asabar a Vlissingen

Ranar da Marit Wisse ta fara ɗora ido a kan Twan, babu wani abin burgewa a tattare da shi. Yana rungume da ƙarfen gefen jirgin fiton da ke tsallakar da mutane da kekunansu daga Vlissingen zuwa Breskens, fuskarsa ta yi fari fat, ga burodi da cuku a hannunsa ya gutsura sau ɗaya ya kasa ƙarawa. Kuma fa ruwan ranar kwance yake lafiya lau.

Marit ma'aikaciyar jirgin ce, ita ke ɗaure igiya ta duba tikiti. Ta zo ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Bawan Allah, daga ina?"

"Tilburg," ya ce da ƙyar.

"Ai ko ba ka faɗa ba. Ɗan tudu. Daina kallon ƙasan ruwan, ka kai idonka can nesa. Me za ka yi a Breskens?"

"Ba komai. An ce min wannan ce hanya mafi araha da mutum zai hau teku. Muna isa zan juyo."

Dariya ta ƙwace mata. Shi kuwa ko a jikinsa, da ya ɗan farfaɗo sai ya shiga zayyana mata yadda ya tsara hutunsa na ƙarshen mako: tikitin jirgin ƙasa na rangwame, gado a masaukin matasa ɗaki ɗaya da wasu Jamusawa masu minshari, sai guzurin burodin da ya gasa da hannunsa, don sana'arsa ke nan. Yana faɗa yana murmushi kamar wanda ya ci gasa.

Abin da ya kama ta ke nan. A Zeeland, yankin su Marit, tsimi ado ne, kuma ba ta taɓa ganin baƙon da ya iya shi haka babu jin kunya ba.

"In na tashi aiki ka jira ni a bakin gada," ta ce. "Zan nuna maka garin da kuɗi ba sa saya."

Da yamma ta kai shi doguwar hanyar bakin teku, inda manyan jirage ke wucewa dab da gari har kana hango mutum a sama riƙe da kofin shayinsa. Iska tana neman tsige musu gashi. Suka raba kifi soyayye leda ɗaya, tana faɗa masa inda kowane jirgi ya fito. Can wani ƙaramin jirgi ya keto ruwa a guje, ta miƙe tsaye tana nuna shi.

"Babana ne ke tuƙa wancan. Shi ke kai wa manyan jiragen nan masu nuna musu hanya. Ko guguwa ake sai ya fita."

Twan bai kalli jirgin ba, ita yake kallo.

Lahadi da yamma, jirgin ƙasansa bai ko kai garin Goes da ke kusa ba saƙo ya shigo wayarta: "Kyaftin, na bar wani abu a garinku. Na duba jaka ban gan shi ba, ina jin a ƙirjina yake da."

Ta amsa: "Ɗan tudu, ba ma aika wa mutane kayan da suka yar. Mai abu shi ke zuwa ya ɗauka."

Ya kuwa zo. Asabar ta gaba ya zo, ta bayanta ma ya zo, har mai masaukin ta daina tambayar sunansa. Suka gama bazara a kan kekunan aro da burodin gida. Marit da ba ta saba jiran kowa ba, sai ga ta tana ƙosawa Juma'a ta wuce.

Akwai wanda abin bai yi wa daɗi ba. Arjan, matashin da ke aiki a jirgi ɗaya da mahaifinta, tun suna makaranta yake zagaye ta, kuma mahaifin nata, Baba Rinus, ya riga ya gama lissafin cewa shi ne surukinsa. Shi Arjan ɗin ne ya fara kai labari gida, cewa Marit ta samo wani mai amai a teku.

Mahaifiyarta, Mama Tannie, ta ce a kawo Twan shan kofi ran Lahadi bayan cin abinci. Marit ta faɗa wa Twan lokaci, ta faɗa masa lambar gida. Abu ɗaya ta manta ba ta faɗa masa ba, don bai taɓa zuwa mata a rai cewa sai an faɗa ba.

A garin su Twan, ƙofar gaba ta baƙi ce da masu kawo takardar haraji. Ɗan gida da masoyi ta baya suke shiga, babu ƙwanƙwasawa, kuma shiga ta gaba ma kamar ka ce wa masu gidan ba ka ɗauke su naka ba ne. Saboda haka ya iso da wuri don zumuɗi, ya bi lungun bayan gida, ya tura ƙyauren lambu, ya murɗa ƙofar kicin da kek a hannunsa.

"Jama'a, ana ciki?"

Ana ciki kuwa. Baba Rinus yana zaune da safa a ƙafa, yana karanta wa iyalinsa Littafi Mai Tsarki kamar yadda yake yi bayan kowane cin abinci. Ya tsaya a tsakiyar aya. A gidan nan ko ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya bai taɓa shigowa ta baya ba tare da an ce masa ya shigo ba.

Marit ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Saurayi," in ji Baba Rinus a hankali, "gidan nan yana da ƙofar gaba. Har ƙararrawa na sa mata."

An sha kofin dai. Mama ta buɗe gwangwanin biskit, kowa ya ɗauki ɗaya, ta rufe. Twan ya ba da haƙuri ya fi a ƙirga, yana ta kiran Baba "Meneer Wisse", wato Malam Wisse, cikin ladabi, amma dattijon bai ko kalli kek ɗin ba. Da zai tafi, Baba ya raka shi har bakin titi, ta gaba. Marit ta hango su ta taga suna magana, ba ta ji me aka ce ba.

"Baba, al'adarsu ce," ta ce da ya dawo. "Girmama mu ya yi."

"Ba ƙofar ce ta dame ni ba, Marit. Baƙon Asabar ne. Kowa yana son Vlissingen ran Asabar in rana ta fito. Lahadi da yamma su cika jirgin ƙasa su bar mana shara. Ɗaya cikin biyu ne: ko ya gaji ya daina zuwa, ko ya ɗauke ki ya kai ki inda ba a ganin ruwa sai a famfo. Wanne kika zaɓa?"

Ba za ta iya rayuwa nesa da teku ba, ba za ta yi aure babu albarkar mahaifinta ba, kuma tana son Twan son da ita kanta yake ba ta tsoro.

Juma'a saƙonsa ya shigo: "Kyaftin ɗina, ba zan samu zuwa gobe ba. Aiki ya riƙe ni. Ki kula min da kanki."

Ta rubuta doguwar amsa ta goge, ta sake rubutawa ta goge. Daga ƙarshe ta tura: "To."

Mako na gaba haka, na bayansa ma haka. Kullum saƙonsa da taushi, kullum babu bayani, ita kuma kullum "To." Kaka ta shigo, baƙi suka watse, aka kwashe kujerun bakin teku. Arjan ya tare ta a tashar jirgi yana murmushi.

"Ina mutumin naki? Ko rangwamen tikitin ne ya ƙare?"

"Arjan, ko ƙasa ce ta haɗiye shi, layin bai zo kanka ba."

Ta faɗa da ƙarfin hali, amma tana barin wurin ta hau kan katangar teku ta yi ta tafiya tana fuskantar iska, yadda mutanen nan ke yi in kai ya ɗau zafi. Iskar ta share mata hawaye, ba ta rage mata komai a zuciya ba.

"Ki kira shi mana," in ji Mama tana feraye dankali. "Wannan taurin kan na ubanki ne, kuma shi ma bai tsinana masa komai ba."

"Shi ya daina zuwa, Mama. Ba zan roƙi kowa ya so ni ba."

Wata Litinin cikin Nuwamba, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta dawo aiki ta tarar da Baba sanye da rigarsa ta zuwa coci.

"Muna da baƙo," ya ce. "Ya buga waya ya nemi lokaci, kamar mutumin kirki."

Ta ajiye jakarta ta tsaya a gabansa.

"Baba, in Arjan ne, a ba shi kofi ya kama gabansa. Ban taɓa yi maka musu ba, yau ma ba musu nake ba. Amma Twan nake so, ko ya zo ko bai zo ba."

Kafin ya amsa ƙararrawar ƙofar gaba ta yi ƙara. Baba ya je ya buɗe da kansa. Twan ne tsaye, ya jiƙe sharkaf, ya rame kaɗan, yana kare wani kwali da rigarsa.

"Na ce kar na ƙara ganinka a garin nan ran Asabar," in ji Baba. Sai a lokacin Marit ta san abin da aka faɗa a bakin titi ranar shan kofi.

"Haka ka ce, Meneer Wisse. Yau Litinin."

A tsaye a bakin ƙofa ya yi bayani. Ya samu aiki a gidan burodin da ke bayan tsohuwar kasuwa, yau ya fara. Asabar ɗin da bai zo ba, yana Tilburg yana koya wa wanda zai maye gurbinsa, don ba zai bar maigidansa da hannu ɗaya ba. Ya kama ɗan ɗaki kusa da tashar jirage, tagarsa ma bango take kallo, amma ana jin warin teku.

"Shi ne ba za ka faɗa min ba?" in ji Marit.

"Tsoro na ji kar su ƙi ɗaukata na zama mai alkawarin baki. Na yi kuskure, Kyaftin, ki yafe min. Amma ke ma fa, 'To' ɗin nan naki ya kusa kashe ni."

Ta so ta ci gaba da fushi, fuskarta ta ƙi ba ta haɗin kai.

Baba ya buɗe kwalin. Bolus ne, naɗaɗɗen burodin nan mai baƙin sukari da mutanen Zeeland ba sa yarda wani ya iya sai su. Ya shafa wa ɗaya man shanu, ya ci, ya daɗe yana taunawa.

"Kirfa ta ɗan yi yawa," ya ce. Ya miƙa hannu ya ɗauki na biyu. "Shigo, kana jiƙa min tabarmar ƙofa. Tannie, akwai dankali?"

"Tun ɗazu na ƙara," in ji Mama daga kicin.

"Gobe kuma in za ka zo, ka zagayo ta baya. Ƙararrawar nan tana sa min ciwon kai."

Da furanni suka fito aka ɗaura auren, da safiyar da ma'aikatar gari ke ɗaura aure kyauta, kuma dangin ango da na amarya kowa yana alfahari cewa shi ya fara kawo shawarar. Mutanen Tilburg suka zo da hayaniyarsu da waƙoƙinsu, mutanen Zeeland suka zo da tsit ɗinsu, kafin azahar an rasa gane wane ne wane. Amarya ta hau bayan keken ango, ta tattare farar rigarta da hannu ɗaya, jama'a suka bi su har bakin teku.

Suna isa, jiragen abokan aikin Baba suka jeru a gaban gari suka saki ƙaho gaba ɗaya. Arjan ne a kan na gaba, ya ɗaga musu hula. Wani ƙaton jirgin kaya da ke wucewa, wanda bai san kowa a cikinsu ba, shi ma ya amsa da nasa ƙahon har ƙasa tana girgiza.

Baba Rinus ya kama hannun Marit ya sa a na Twan, ya haɗa ya riƙe da nasa hannuwan masu kaushi. Mutumin da guguwa ba ta taɓa sa muryarsa rawa ba, sai da ya yi gyaran murya sau biyu.

"Na yi zaton zuwa ka yi ka rage min gida, ashe ƙara min ɗa za ka yi. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

"Amin," in ji Mama, tana share ido.

Marit ta dubi garinta, ta dubi mahaifinta, ta dubi mijinta da iska ta hargitsa wa gashi. Ta ɗaga kai sama sosai, don duk wanda ke bakin tekun ya ga matar wane ce.