Hannun Radoje

Duk wanda ya san Radoje a garin Niš ya san gajiya ta cinye shi tun yana saurayi. Shi ne kyaftin ɗin wasu samari biyar masu wasan harbe-harbe a kwamfuta. Shekara da shekaru suna kaiwa wasan ƙarshe na neman gurbin gasar duniya, ana koro su. Hannunsa ya fara nauyi, sababbin jini suna kayar da shi kafin ya ɗaga ido.

"Tsoho, ka koma ka taya babanka walda mana," in ji Zlatko, abokin wasansa, yana cin burek, irin sambusarsu ta can. "Mu ma mu huta."

Radoje bai yi dariya ba. Ran Lahadi ya hau bas zuwa wani ƙauye a bakin kogin Danube, wurin wata tsohuwa da ake kira Baba Stanka.

Ɗakinta na bayan garken aladu, ba taga. Busasshen ganye na lilo daga rufi, kyandirori an kafa su kai a ƙasa, madubi an lulluɓe shi da baƙin ƙyalle. Ta narka darma ta zuba a kwanon ruwa, ta daɗe tana kallon abin da ya daskare.

"Sauri kake so," ta ce. "Ni ba ni da shi. Ɗebowa nake yi daga wurin wasu."

"Wurin wa?"

"Duk wanda ka kayar a can, akwai mai biya a gida."

"Baba, wasa ne fa. Ba wanda ke mutuwa da gaske."

"In wasa ne, me ya kawo ka?"

Ya gaji da komawa gida da kunya, ya gaji da tambayar uwarsa ko an ci. Ya miƙa hannu. Ta yanka baƙar kaza, ta shafe masa yatsu da jinin, ta ce kada ya wanke sai ya ƙetare kogi.

A wasan neman gurbi na shekarar ba wanda ya kama ƙafarsa. Suka samu shiga gasar duniya. Kamfanoni suka yi ta rububinsa, ya sayi mota, ya sake wa iyayensa rufin gida.

Sai hannun babansa ya shanye yana tsakiyar walda, kafin kaka an binne shi. Aka ce hawan jini ne. Radoje ya yarda, don yardar ta fi masa sauƙi.

Bayan sun ci zagaye na biyu, ƙanwarsa Jasna ta daina magana. Ta zauna a kicin tana buga yatsu a kan tebur ba tsayawa, har farce ya fashe, tana kallon wani abu da ba kowa ke gani ba.

Uwarsa ta kira shi a waya. "Ɗana, na gaji. Ka dawo gida."

"Saura wasa ɗaya, Mama."

Ya ci wasan. Yana ɗaga kofi ana ihu, maƙwabta suna fasa ƙofar ɗakin uwarsa, gawarta suka tarar.

Ya koma ƙauyen. Tsohuwar na tsinkar wake, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ki karɓe abinki."

"Ba a mayarwa. Gidanku ya ƙare, yanzu daga jikinka za a ɗiba."

Yau Radoje yana zaune a gidan da ya gyara, shi da Jasna. Idonsa ya dushe, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa, yatsun nan ne kawai ba sa hutawa ko yana barci. Zlatko ya zo sau ɗaya, bai iya zama ba.

Kai mai ƙishin suna, ka ji da kyau: wanda ya je neman nasara a irin ɗakin nan, da iyalinsa yake ciniki, kuma ba a gaya masa da wa za a fara.