Damisar Bangon Gareji

Ranar Litinin, ɗaya ga Oktoba 1979, ƙarfe shida da kwata na yamma, Maitama mai zanen motoci ya nufi garejin Alhaji Gwadabe a Ƙofar Guga da bokitin farar ƙasa. Ranar ce soja suka sauka, Alhaji kuwa yana son bangon garejin don alamar jam'iyyarsa.

"Ka shafe dabbar nan yau, ko ka kwashe gwangwanayen fentinka," in ji Alhaji tun da safe.

Damisa ce Maitama ya zana a bangon, haƙarƙari a waje, ƙafa cikin tarko, yadda ya gan ta a dajin Rugu. Wanda ya koya masa zane yakan ja layi kamar yanka a wuyan duk mai rai da ya zana, don kada wani abu ya shige shi. Maitama bai ja ba. Yankan da aka yi wa damisoshi a daji ya isa.

Garejin babu kowa. Warin baƙin mai ya ɗauke, ƙarnin dabba ya taso.

Wata tsohuwa na tsugune gindin bangon, ba ta da inuwa.

"Ɗana," ta ce a hankali, "ni ke kiwon damisoshi. Sun ƙare. Wagga ta samu wuya ba layi, ta fake cikin zanenka. Shafe tarkon in tafi da abata."

"Ina za ki kai ta, Iya? Maharba na can."

Sarƙar tarkon ta yi ƙara cikin bango.

"Shafe."

Numfashi mai zafi ya bugi hannunsa. Ya tuntsurar da bokitin a ƙasa.

"Ba ni shafewa. Nan za ta zauna, kowa ya ga abin da muka yi mata."

Wani abu ya tsaga masa kafaɗa. Ya yi a'uziyya, ya ruga, bai waiwaya ba sai bakin masallaci.

Da safe ya gaya wa Alhaji maganar da ya gaya wa tsohuwar, ya kwashe gwangwanayensa. Sau uku ana shafe bangon, sau uku damisar na fitowa. Makanikai suka watse, Alhaji ya koma Ƙofar Ƙaura.

Waɗanda suka rage: Tanko mai gadi, wanda kurma ne, sai Maitama, da tabo huɗu a kafaɗa, yana zuwa duk Juma'a ya sabunta fenti, da damisar, ƙafa cikin tarko, ido a kan titi.