Leda a Bokitin Awaki

Inna Zuwaira tana da shagon abinci kusa da Kasuwar Relief a Anaca. A bayan shagon akwai bokiti biyu. Ɗaya na leda da kwalabe, wanda ake kaiwa bola. Ɗaya kuma na ɓawon doya da ganyen kabeji da ƙanzo, na Baba Kallamu mai sayar da awaki. Unguwar ba ciyawa, don haka kullum da la'asar yakan zo ya juye a buhu.

Rarraba sharar aikin 'yarta ne. Tana aji huɗu, yarinyar kirki ce, amma in aka fara carafke ko sunanta ba ta ji.

Ran Asabar ƙawayenta suka yi ta kiranta. Ta tattara komai, har da ledojin gishiri, ta antaya a bokitin awaki, ta rufe da ganye.

"Ai akuya za ta zaɓi nata," in ji ta a ranta.

Da la'asar Baba Kallamu ya juye a buhu ya tafi. Daga nan kwana uku bai zo ba. Sabon ɓawon da aka tara ya ruɓe, ƙudaje suka taru, dole aka kai shi bola.

Ran Laraba ya zo ba buhu. Bayan sun gaisa ya ce, "Hajiya, na daina ɗauka. Akuyata mai ciki ta haɗiye leda. Cikinta ya kumbura, ta ƙi cin komai."

Yarinyar tana gefe tana ji. Ta san akuyar, ja ce, tana yawan lasar hannunta. Tausayi ya kama ta, ta fara kuka.

"Baba, ni ce na haɗa. Sauri nake yi."

Ya juyo wajenta. "'Yata, akuya ba ta san leda ba. In ta ji gishiri a jiki, haɗiyewa take."

"Za ta mutu?"

"Likitan dabbobi yana dubawa. Ki yi mata addu'a."

Allah ya taimaka, akuyar ta tashi. Baba Kallamu ya dawo da buhunsa. Mako guda yana cusa hannu cikin bokitin, bai samu ko ƙyallin leda ba.

Wata rana ya zo yana murmushi, ya kira yarinyar. "Ta haifi tagwaye. Zo ki gani."

Tun daga nan yarinyar ta gane: ragowar abinci ba shara ba ce, akwai mai jiranta, sai a ware ta da kyau.