Matakalar Lambun Baba

Wa ya fi son mace: wanda zai yi ƙarya dominta, ko wanda ya gwammace ya rasa ta da ya yi ƙaryar? Na juya tambayar nan ta kowace fuska, ban samo amsa ba. Abin da ya faru kawai na sani.

Hukumar birni ta naɗa mutum uku su zaga wuraren shaƙatawa, su zaɓi wanda ya fi. Ɗayansu malamin motsa jiki ne a sakandare, dogo, marar yawan magana. A lambun da ke bayan tashar mota ya fara ganinta, sanye da fararen kayan asibiti, ta kawo wa mahaifinta abinci. Shi kuwa ya yi tsaye yana kallon matakalar dutsen da ake hawa kafin a shiga.

"Malam, tsoronta kake ji ne?" in ji ta.

"Tunani nake."

"To yi tunaninka a gefe, ka tare hanya."

Mahaifin nata ne mai kula da lambun. Duk bishiyar da ke ciki shi ya dasa, matakalar ma da hannunsa ya gina. Malamin ya yi ta komowa duba wurin, har dubawar ta wuce ƙa'ida. Ta sa masa suna Alƙali, shi kuma yana ce mata 'Yar Lambu.

"Alƙalina, ka ci abinci kuwa? Ko shi ma sai ka yi masa shari'a?" ta rubuto masa.

"Na ci, 'Yar Lambu. Na same shi da laifi ɗaya: ba daga hannunki ya fito ba."

Da yanke hukunci ya matso, suna zaune a kan benci, ta ce, "Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa a nan, ko sannu ba a taɓa ce masa ba. Ka zaɓi lambunsa."

"Inuwarsa babu irinta a birnin nan. Amma mai keken guragu ba ya shiga, tsoho mai sanda ma sai dai ya leƙa. Na roƙi Baba a fasa matakalar a yi gangare, ya ce sai bayan ransa."

"Wato ba za ka yi ba."

"Ba zan iya ba."

Alƙali na biyu, wani mai shagon kekuna da ya daɗe yana sonta, ya zaɓi lambun Baba, ya kuma tabbatar kowa ya ji. Na uku ya zaɓi lambun bakin tafki, mai shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ƙuri'ar malamin ce ta raba gardama, kuma bakin tafki ta tafi.

Baba ya ce wa 'yarsa, "Wanda ya kasa tsaya mana a kan ƙuri'a ɗaya, shi zai tsaya miki a zaman aure? Kada in sake ganin ƙafarsa a gidan nan."

Mai shagon kekuna ya samu ƙofa, kullum yana gidan da fara'arsa. Ita kuwa saƙo ɗaya ta aiko: "Ka yi gaskiya. Sai ka riƙe ta, ta riƙa tambayarka ko ka ci abinci."

Ya rubuta amsa ya goge, ya sake rubutawa ya goge. Shi kansa bai san ko gaskiya ya bi ba, ko kuwa son a ce masa mai gaskiya.

Wata Asabar yana horar da ɗalibansa a bakin tafki, sai ya hango ta tana tura mahaifiyarta a keke. Ciwon gwiwa ya daɗe da zaunar da Mama. Ita ta matsa a kawo ta, ta ga wurin da ya kayar da mijinta.

"Kai ne alƙalin?" ta tambaya, tana ƙare masa kallo. "Karɓa ka tura ni, hannun 'yar nan ya gaji."

Da yamma saƙo ya shigo: "Alƙalina, Mama ta ce wa Baba, 'Bishiyar da ka dasa ranar da na haifi yarinyar nan, an ce ta yi girma. An ce, don ni matakala ta hana ni gani.' Baba ya ce ka zo gobe."

Da ya je, tsohon bai ko ɗago kai ba. "Ban ce ka yi daidai ba," ya ce. "Turo manyanka."

Aka ɗaura aure, 'yan uwa suka yi ta sa albarka. Mai shagon kekuna ma ya zo, ya ci ya ƙoshi.

Bayan biki, ango da amarya suka kai wa Baba abinci. Tun daga tasha suke jin ƙarar dutse. Suka tarar da shi ya tuɓe riga, gumi na zuba, Mama na gefe a kekenta tana ba da umarni.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya," ya ce yana haki. "Kai kuma surukina, kada ka tsaya min tunani. Ga shebur can."

Ya ɗaga guduma, ya sauke ta a kan matakalar.