Gubar da Ke Cikin Gurmi

Jatau ya sayar wa mutane guba, kuma cikin kiɗan amininsa ya naɗe ta.

A birnin Tudun Ƙarfe, a shekara ta 2094, kowa na da majiya, wata 'yar na'ura kamar ƙwayar gero da ake dasawa a bayan kunne, tana kai sauti kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa. Jatau mawaƙi ne, Sallau kuma makaɗin gurminsa tun ƙuruciya. Shekara goma sha biyu suna neman a sa waƙarsu a hasumiyar sauti ta birnin, ba a kula su ba.

Sai Jatau ya samo ƙwayar amo, wani siririn sauti da majiya kaɗai ke kamawa, mai bugarwa fiye da kowane kayan maye. Wanda ya saba da ita, cikin wata uku ya daina jin muryar ɗan Adam. Jatau ya cusa ta ƙarƙashin kiɗan gurmin Sallau, yana sayarwa a ɓoye a tashar jirgin ƙasa, wai da haka za a san su.

Ranar Laraba da hantsi Sallau ya tarar da ƙanwarsa Ladidi a tsakar gida, jaririnta na tsala kuka a cinyarta, ita kuwa sai murmushi take. Ya haɗa majiyarsa da tata. Gurminsa ya ji. Ya yi maza ya katse.

Ya iske Jatau a ɗakin ɗaukar murya, ya ce, "Abokina, me ka zuba a kiɗana?"

Jatau ya ce ya kwantar da hankalinsa, ya goge duk wata alama, babu mai gano su.

Sallau ya ce, "Har da kirarin?"

Sai Jatau ya tuna bai goge shi ba. Mawaƙi ba ya rufe waƙa bai ambaci makaɗinsa ba, kuma a wannan waƙar ma bakin Jatau ya yi abin da ya saba: Sallau na Barmo, mai yatsun zinariya. Ba su gama kallon juna ba jiragen 'yan sanda marasa matuƙi suka rufe taga, suna kiran sunan Sallau.

Jatau ya fita hannu sama, ya ce muryar tasa ce, gubar ma tasa ce.

Kotu ta sallami Sallau. Ladidi ba ta sake jin kukan ɗanta ba. Jatau kuwa an ɗaure shi shekara ashirin, an cire majiyarsa, an kashe jijiyar jinsa.